Yadda Baba Ya Raba Mana Lissafi

Ina tsakiyar yanka yadin labule 'yata ta shigo shago, ta jefar da jakar makaranta a kan tarin ƙyallaye, ta ce mini an raba su gida biyu. Daga zango mai zuwa wasu za su shiga ajin lissafi mai zurfi, wasu kuma ajin lissafin yau da kullum. Ita an sa ta a na yau da kullum. Ko a jikinta, har murna take yi wai an ce ba a ba su aikin gida da yawa. Ni kuwa sai da na ajiye almakashin, don kada in ɓata yadin da ba nawa ba.

Tsuntsuwa muke ce mata, saboda tun tana ƙarama ba ta cin abin kirki, ta tsakura ta tashi. Shekararta goma sha uku. Ba ta san cewa wanda ya shiga wancan ajin ya shiga ke nan ba, ba zai taɓa zama jarrabawar da ke kai mutum karatun injiniya ko kimiyya ba. Ni na sani, don ni ma an taɓa raba ni. Ba kuma wata makaranta ce ta raba ni ba, ubana ne.

Washegari na rufe shago na tafi makarantar. Shugaban sashen lissafi ya karɓe ni da mutunci, har da miƙewa tsaye, don tsohon ɗalibin Baba ne. Ya ce sakamakon yarinyar a bakin iyaka yake, bai kai ba kuma bai yi nisa ba, ga shi ajin mai zurfi ya cika. Na yi magana, na yi roƙo, na ɗan ɗaga murya. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ga wata hanya. Ki kai ta wajen Malam ya gan ta. In shi ya ce ta cancanta, ni wane ne da zan ce a'a? Ko kujera ce sai in sa a ƙaro."

Na fito ina dariyar takaici. Duk faɗin duniyar nan, makomar 'yata ta rasa inda za ta rataya sai a bakin mutumin da ya yanke tawa.

Baba malamin lissafi ne, ya yi fiye da shekara talatin yana koyarwa a sakandare kafin ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Umma, mahaifiyarmu, ta sha yi masa mita a kan guntayen allin da yake mantawa a aljihu, su narke a ruwan wanki su ɓata mata kaya. Shi Baba ɗan kafinta ne. Ya iya riƙe zarto kafin ya iya riƙe fensir. Ya so ya je jami'a ya karanci lissafi zalla, sai kakanmu ya rasu ya bar masa ƙanne, dole ya tsaya a kwalejin malamai ya kama aiki da wuri. Bai taɓa ba mu wannan labarin da bakinsa ba, a wajen Umma muka ji.

Yana da wata aƙida da kowa ya san shi da ita. Cewa yake lissafi iri biyu ne, na hannu da na kai. A taron malamai ya sha yin faɗa a kan haka har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce ana azabtar da yara da haruffan da ba su san uwarsu ba balle ubansu, sannan su gama makaranta ba su iya gane gwangwanin fenti nawa zai ishi ɗaki ba, ko cokali nawa na magani za a ba yaro gwargwadon nauyinsa. Sai ya kwashi aji guda ya fita da su fili, su auna inuwar bishiya su gano tsawonta, su auna tankin ruwa su faɗi bokiti nawa zai ci. Sauran malamai suna leƙowa ta taga suna cewa Malam ya fita kiwo. Har yau in ina tafe da shi sai magini ya diro daga kan gini ya gaishe shi, ko ma'aikaciyar jinya ta bar layi ta zo ta durƙusa.

Amma kuma bayan an tashi daga makaranta yana da 'yan yara biyar ko shida da yake tsarewa a aji, su ne masu kai. Su yake ba abin da ke cikin manyan littattafan da ya saya da albashinsa. Yakan ce zalunci ne ka ɗora wa yaro kayan da ba inda zai sauke su, zalunci ne kuma ka hana mai kai abin da kansa ke nema. Magana ce mai daɗi, na sha jin mutane suna yaba ta. Sai dai a cikin masu yabon ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda ake gane mai kai ba.

Ni na san yadda ake ganewa, don a tsakar gidanmu aka gwada ni. Mu biyu Allah ya bar wa iyayenmu, ni da ƙanwata Auta. Kowa Yaya yake ce mini, har Baba da Umma. Ina da shekara goma Auta na da takwas, wata rana da yamma Baba ya kira mu, ya miƙa wa kowa murfin tukunya da zare. Ya ce mu auna kewayen murfin, mu auna faɗinsa ta tsakiya, mu gaya masa sau nawa faɗin ya shiga cikin kewayen. Haka yake yi wa duk ɗaliban da suka shigo hannunsa a makon farko. Ba amsar yake kallo ba, yaron yake kallo.

Nan da nan na zagaya zarena, na ninka, na ce, "Sau uku ne da 'yar ragowa." Lokacin Umma ta riga ta fara ciwon da ya daɗe yana cin ta, tana kwance a ɗaki tana kirana, ga tukunya na bari a wuta. Na ajiye murfin na ruga. Da na dawo na tarar da Auta zaune a ƙasa tana kuka da majina, wai ragowar ta ƙi fita daidai. Ta gwada da murfin kofi, ta gwada da bakin bokiti, kullum ragowar tana nan. Baba yana tsugune a gabanta yana kallon ta kamar an yi masa albishir. Ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba.

Daga ranar aka raba gado tun mai shi yana raye. Auta ta samu kai, ni na samu hannu.

Kada in yi masa ƙarya, ya koya mini, kuma ya koya mini da kyau. Ya koya mini yadda zan ƙara girkin mutum huɗu ya ishi mutum goma sha ɗaya ba tare da gishiri ya yi yawa ba. Ya koya mini raba maganin Umma da lokutan shansa, yadda ba za a haɗa wanda ba a haɗawa ba. Ya koya mini yadi nawa zai yi mana kayan makaranta mu biyu, da yadda ake shimfiɗa yankan don kada a yi asara. Da haƙuri yake yi, bai taɓa daka mini tsawa ba. In na yi daidai ya ce, "Madalla, Yaya," ya shafa kaina ya wuce.

Wucewar ce ke ci mini rai, don na san inda za shi. A bangon baranda ya shafa baƙin fenti da hannunsa ya mai da shi allo. Nan suke tsayawa shi da Auta tun la'asar har rana ta faɗi. Muryarsa ma canzawa take yi in yana wurin, ta yi ƙasa, ta yi sauri, yana dariya yana buga cinya. Ni ban taɓa samun wannan muryar ba. Ina wucewa da bahon wanke-wanke ina satar kallo, ina ganin layuka da haruffa da wasu alamomi masu lanƙwasa, raina yana biyawa. Wata rana na ɗan tsaya na daɗe, bahon a kaina, ina ƙoƙarin bin abin da yake rubutawa. Sai ya juyo a hankali, babu faɗa babu komai, ya ce, "Yaya, ɗan matsa mana, kina tare mana haske."

Na matsa. Kishi kuwa na yi shi, ba na ɓoyewa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. In hadari ya haɗo addu'a nake yi ruwan ya zo da iska ya shigo barandar ya wanke allon tas. In Auta ta ƙona shinkafa, kuma kullum sai ta ƙona, daɗi nake ji har cikin raina, in tsaya in ga ko yau za a yi mata faɗa. Ina! Sai Baba ya yi murmushi ya ce hankalinta yana wani wuri. Ni da hankalina yake nan tare da su, a kan tukunyarsu da wankinsu, ba wanda ya taɓa tambayar inda yake so ya je.

A makarantar da yake koyarwa muka yi karatu. Da lokacin zaɓen darussa ya zo, ko shawara bai yi da ni ba. Ya sa ni a lissafin gama-gari da darasin kula da gida, ya ce su ne za su amfane ni. Na zo ta ɗaya a ajin, shekara bayan shekara. Ina kawo sakamako ya duba ya ce madalla. Da Auta ta iso ta shiga cikin 'yan bayan tashi, ita kaɗai mace a cikinsu, ni kuma in wuce gida da jakarta da tawa don in ɗora girki.

Umma ta rasu ina ajin ƙarshe. Na riƙe gidan, na koyi ɗinki a wajen wata maƙwabciya, daga baya na tsaya a kan labule da rigunan kujeru. Na yi aure, na buɗe shago, yanzu ina da kekunan ɗinki uku da mata biyu da ke yi mini aiki. Ba na raina sana'ata. In na shiga ɗaki na kalli taga, kafin in zaro tef ɗin awo na san abin da za ta ci, da kalmasa da tattara da komai. Auta kuwa ta tafi jami'a, ta yi digiri ta ƙara ta ƙara, yanzu dakta ake ce mata, tana koyar da irin lissafin da ko sunansa ban iya faɗa ba.

Na san irin labarin da mutane ke son ji a nan. So suke in ce duk da karatunta ba ta iya auna tagar ɗakinta ba sai ta kira ni. Wallahi ni ma na so haka, na daɗe ina jira. Da ta tare a sabon gida ta aiko mini da awon tagoginta ta waya, na ƙi yarda, na ɗauki tef na tafi da kaina don in kama ta. Ko rabin inci ba ta kuskure ba. Ta kuma koyi girki, tana da kirki, ba ta taɓa yi mini gori ba, duk abin da ta samu sai ta tuna da ni. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don mutum ko dalilin jin haushi an hana shi.

Baba kuwa in baƙi suka zo yana da jawabi guda da ba ya canzawa. Ya nuna ni ya ce, "Wannan ita ce ginshiƙin gidan nan, ba don ita ba da mun watse." Numfashi ɗaya, ya gama da ni. Sai ya gyara zama ya ce, "Auta kuwa," daga nan sai shayi ya huce bai kai ƙarshe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ke kai shi asibiti, ni ke sanin maganin da ya ƙare, ni na canza masa katifa. Amma in Auta ta zo hutu da wata takarda mai tambaya a kai, sai su haɗa kai su manta da akwai mutane a gidan.

Daren da na dawo daga makarantar su Tsuntsuwa na kira Auta, don dai in huce. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita a ganinta bai kamata a raba yara tun suna wannan shekarun ba, kowa a ba shi mai zurfin, wanda zai bari ya bari da kansa. Na ce ta je ta gaya wa ubanta. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, bari in kira shugaban sashen mana, ai mun san juna. Magana ɗaya ce."

"Ba ke aka ce ba," na ce mata. "Baba aka ce."

"To ai duk ɗaya ne, in dai yarinyar za ta shiga."

Ba ɗaya ba ne, amma ban tsaya yi mata bayani ba. Ba alfarmar dakta nake so a yi wa 'yata ba. So nake bakin nan da ya ce in matsa ya buɗe ya ce abin da ya fito daga cikina yana da kai.

Ranar Asabar da yamma na ɗauki Tsuntsuwa muka tafi. Na riƙo wani labule da nake yi wa kalmasa da hannu, don na san in hannuna ba ya aiki bakina zai yi. Baba yana baranda a kujerarsa ta roba, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ya kawo abu dab da hanci yake gani. Allon yana nan, fentin ya koɗe ya zama toka-toka. Da ya ji muryar jikarsa ya washe baki ya ce, "A'a, mutuniyar ce? Yau kin ci abinci ko iska kika sha?" Ta ce ai shi ma ba ƙiba gare shi ba. Suka yi ta tsokanar juna, ni ina zaune a tabarma ina zura zare a allura.

Da ta shiga ciki shan ruwa na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya murza gemu. Sannan ya ce, "Ajin yau da kullum ba wulaƙanci ba ne, Yaya. Shekaru na yi ina faɗa a kafa shi, sai da na bar aiki suka ji. Yawancin mutane shi suke buƙata."

"Na sani, Baba. Ai ni ce ɗalibarsa ta farko."

"To me ya rage ki da shi? Ga shagonki, ga ma'aikatanki. Kin fi masu digiri da yawa rufin asiri."

"Ban zo a kan kaina ba. Ka gwada ta kawai. In ka ce ba ta da shi, na haƙura."

Ƙarya na yi, ba zan haƙura ba, kuma ina jin ya sani. Ya kira ta, ta zo ta zauna a bakin baranda tana kaɗa ƙafa. Bai tashi zuwa allo ba, ƙafafunsa ba sa ɗaukar tsayuwa yanzu. Daga zaune ya ce, "Mutuniyar, tsakanin sifili da ɗaya, lambobi nawa ne? Har da rabi da kwata da duk 'yan gutsattsarin."

Ta ɗan yi tunani ta ce, "Ba sa ƙarewa, Kaka. Duk wanda ka raba za ka iya sake raba shi."

"To. Tsakanin sifili da biyu fa?"

"Su ma ba sa ƙarewa."

"Wanne ya fi yawa?"

Ta buɗe baki za ta ce na biyun, sai ta rufe. Ƙafar da take kaɗawa ta tsaya. Ni kuwa allurata ta tsaya a cikin yadi. Ina kallon ta ina roƙon Allah kada ta ce oho, kada ta ce wannan me zai amfana mata. Ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa, ta ja gajeren layi, ta ja dogo a ƙarƙashinsa, ta zuba musu ido.

Ni ma sai na tsinci kaina ina kallon layukan. Gajere a sama, dogo a ƙasa. Ai wannan aikina ne na kullum. Labule mai tattara ninki biyu na faɗin taga ake yanka masa. In na zo tattarawa, duk wani wuri a jikin ƙarfen da ake rataya labulen yana da nasa wurin a jikin yadin, tsakiya ta hau tsakiya, kwata ta hau kwata, babu inda ke rasa abokin zama, babu kuma ragowar yadi da ke lilo a gefe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Daidai suke," na ce, ƙasa-ƙasa. "Duk wadda ka ɗauka a gajeren, ka ninka ta biyu, ga 'yar'uwarta a dogon. Ba wadda za ta rasa."

Baba ko juyowa bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, yi shiru mana, ba ke na tambaya ba. Ke ai na san kin sani."

Allah ya sa yarinyar ba ta ji ni sosai ba, ta yi nisa a cikin zanenta. Can ta fara jan ƙananan layuka daga na sama zuwa na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗinke su. Ta ɗago ta ce, "Kaka, kowace ta nan tana da tata a can. To ya kamata su zo daidai. Amma kuma wannan ya fi tsawo. Abin bai yi mini daɗi ba."

"Bai yi miki daɗi ba?"

"A'a. Akwai abin da ban gane ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ta shiga ɗakinsa ta duba saman kwaba, akwai kwalin alli, ta ɗauko. Ta tashi da gudu. Ya ce da ni, "Gobe zan kira yaron nan, shugaban sashen, in ce ya ƙara kujera. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kanki ta ɗauko."

Abin da na zo nema ke nan, ya kamata in yi godiya in naɗe labulena. Amma maganarsa ta farko ta tsaya mini a rai.

"Baba, ka ce ka san na sani. Tun yaushe ka sani?"

"Tun kuna yara mana," ya ce, kamar wanda aka tambaya ranar kasuwa. "Kin fi Auta sauri nesa ba kusa ba. Abin da take kwana biyu tana fama da shi, ke kina wucewa da tsintsiya kike gane shi, ina ganin idonki."

Na ajiye allurar. Na ce, "To me ya sa?"

"Me ya sa me?"

"Me ya sa ita, ba ni ba?"

Ya juyo yana neman fuskata da idanun nan nasa da ba sa gani sosai. Babu alamar nadama a tare da shi, mamaki ma yake yi wai ban gane ba. Ya ce, "Ummanku tana kwance. Gida yana son mutum. Auta a lokacin abu ɗaya tak gare ta, in na hana ta shi ta tashi a tutar babu. Ke kuwa ko a kan dutse aka ajiye ki sai kin tsiro. Na duba na ga ke ce za ki iya ɗaukar rashin. Kuma ga shi kin ɗauka."

Shekara talatin da wani abu ina kishin Auta a kan Allah ya ba ta abin da bai ba ni ba. Da wannan na lallashi kaina, na ce rabo ne, kowa da nasa. Ashe an ba ni, a gida aka karɓe. Na so in yi ihu, na so in tambaye shi wa ya gaya masa na ɗauka. Amma tsoho ne mai shekara kusan tamanin, ga jikarsa ta fito da kwalin alli tana murna, ni kuma ba a yi mini tarbiyyar ɗaga wa uba murya ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kalmasa, ɗinkin yana tafiya a karkace, ban damu in warware ba.

Sai da rana ta yi sanyi muka kama hanyar gida. Tsuntsuwa tana tsalle a gabana, bakinta bai rufu ba. Kaka ya ce ta riƙa zuwa bayan makaranta. Kaka ya ce akwai abubuwan da ba sa ƙarewa da suka fi wasu abubuwan da ba sa ƙarewa yawa, zai nuna mata. Kaka ya ce zai ba ta babban littafinsa in ta yi ƙoƙari. Can ta juyo tana tafiya da baya ta ce, "Mama, ashe kin iya lissafi? Kaka ya ce kin fi Anti Auta. Ki riƙa zuwa mana mu yi tare."

Na ce ina da aikin mutane a shago.

Na kalle ta, 'yar siririya, shekara goma sha uku, komai yana gabanta ba a taɓa ba. Ni na haife ta, ni na rufe shago na je na yi faɗa dominta, kuma gobe ma zan sake yi. Amma abin nan da na saba ji in na kalli Auta, shi na ji ya taso mini a ƙirji, ɗaya ne babu bambanci, kuma a kan 'yar cikina. Mun iso bakin babban titi, motoci suna wucewa, na kamo hannunta don mu tsallaka. Muna tsakiyar titi ta ɗago ta dube ni.

"Mama," ta ce, "kina ji mini ciwo."